Ba Ruwa Ne Yake Tashe Ki Ba

Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinSa za mu taru, wasu da wuri, wasu a makare. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe uku da rabi na rana, Allah Ya karɓi ran ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, malama a makarantar kurame, tana da shekara arba'in da ɗaya. Ta cika a kan doguwar kujerar falonta, kayan aiki a jikinta, alli bai gama fita daga yatsunta ba. Ta bar miji da 'ya ɗaya mai shekara goma sha biyar. Saboda yarinyar nan na zauna yin wannan rubutu, domin likita ya ce abin da ya ɗauke uwar ana gadonsa, mu kuwa danginta mun shafe shekara talatin da ɗoriya muna yi wa abin dariya.

Ƙanwata, bari in juyo gare ki, don ban iya magana a kanki kamar wata baƙuwa ba. Kin san ni ba marubuciya ba ce. Tukwane da kwanuka nake sayarwa, wunina duk cikin ƙwaramniyar ƙarfe yake, muryata kuma kin sha cewa tana riga ni shiga gida. Idan an ga rubutun ya karkace, a yi haƙuri da ni.

Ni na raɗa miki suna Langaɓe. Kina shekara bakwai faranti ya suɓuce daga hannuna ya faɗi a kan siminti a bayanki, kawai sai muka ga kin sulale ƙasa kamar an zare miki ƙashi. Mahaifiyarmu ta rarumi buta ta yayyafa miki ruwa, ba a jima ba kika buɗe ido. Tun daga ranar gidanmu ya samu doka: idan kin suma, a kawo ruwa. Mu yara kuma muka samu abin wasa. Mukan laɓe a bayan ƙofa mu daka miki tsawa, mukan hura leda mu fasa ta kusa da kunnenki. Ba kullum kike faɗuwa ba, wataƙila sau ɗaya cikin goma, kuma wannan ne ya sa wasan ya yi mana daɗi. Ni ce shugabar wasan. Ba ki taɓa kai ƙararmu ba. Idan kin farfaɗo, rigarki a jiƙe, abin da kawai kike tambaya shi ne, "Na daɗe?"

Manya ma ba su ɗauki abin da zafi ba. Cewa suke yi kin cika tsoro, idan kin girma za ki daina. Akwai labarin kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, wanda ya mutu yana shekara ashirin da shida. Yana zaune a baranda ana ruwa, aka yi tsawa, ya kife. Duk dangi cewa ake aradu ta faɗa masa, alhali waɗanda suka gan shi sun ce ko ɗigon ƙuna babu a jikinsa, kujerar da yake kai ma ba ta yi komai ba. Mun taso da labarin, ba wanda ya taɓa haɗa shi da sumanki.

Da kika gama karatun koyarwa, makarantar farko da aka tura ki tsohon ƙarfen tayar mota suke bugawa a matsayin ƙararrawa, a rataye daidai tagar ajinki. Sau biyu kina faɗuwa a gaban ɗalibai. Shekara na zagayowa kika nemi a mayar da ke makarantar kurame, kika zauna kika koyi maganar hannu daga farko kamar 'yar aji ɗaya. Muka yi ta tsiya a gida, wai Langaɓe ta gudu daga ƙararrawa. Kika yi murmushi kika ce can ma aiki ne. Shekara goma sha bakwai kika yi a wurin.

Mutane suna zaton makarantar kurame shiru ce. Ni da na je na gani, ta fi rumfata hayaniya, don yaron da ba ya ji bai san ƙarar da ƙofa take yi idan ya bugo ta ba. Sai kika bi ajinki kika gyara shi daidai da ke. Kika yanko tsohuwar roba kika sa a ƙafar kowace kujera, kika naɗe bakin ƙofa da tsumma, kika juya teburinki yana kallon mashiga don ki riƙa ganin mai shigowa. Idan lokacin tashi ya yi, fitila ake kunnawa a kashe sau uku. A duk shekarun nan sumanki bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, shi ya sa muka ƙara sakankancewa cewa tsoro ne, kuma ya kusa barinki.

Ranar Asabar, da kowa yake hutawa, ke kina barandar makaranta da iyayen yara kina koya musu maganar hannu, ba wanda ya sa ki. Kina cewa ba amfanin yaro ya iya magana a aji, ya koma gida ya zama kamar kujera. Na tuna wata uwa da ta zo rumfata takanas don ta ba ni labarinki. 'Yarta shekara tara, ba su taɓa hira ba sai nuni da tsawa. Bayan wata biyu a barandarki ta iya tambayar yarinyar me take so ta ci. Yarinyar ta zayyano mata, har da abin da ta tsana. Matar tana dariya tana share hawaye ta ce da ni, "Ashe shekara tara ina ɗura mata ƙwai, ita kuwa ko warinsa ba ta so."

Akwai kuma uban da yake dukan ɗansa wai taurin kai ne ya hana shi amsa kira. Kika je har wurin aikinsa, ke da ba kya iya ɗaga murya, kika tsaya a gabansa sai da ya yarda ya kawo yaron a duba kunnensa. Yaron nan yanzu kafinta ne mai shagon kansa.

Ni ma na ci alherinki fiye da yadda na cancanta. Shekarar da ruwa ya shiga rumfata kaya suka fara tsatsa, kwana huɗu kina tasowa daga makaranta ki zo mu yi ta goge tukwane ɗaya bayan ɗaya. Kin toshe kunnuwanki da auduga, duk murfin da ya faɗi sai na ga kafaɗarki ta zabura, amma ba ki tafi ba sai da muka gama. Ko a ranar sai da na tsokane ki, na ce ki matsa kusa da bokitin ruwa don kada mu wahala.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi mini nauyi. Wayarki kullum ƙararta a kashe take, sai dai haske. Ni kuma mutum ce mai son in na kira a ɗauka. Ranar Juma'ar da ta gabaci rasuwarki kin zo gidana, na yi ta faɗa a kan kira bakwai da na yi ba ki gani ba. Na fizgi wayar na kunna mata ƙara, na kai ta ƙarshe, na ma zaɓi mai kaifin da kaina.

Kika ce, "Yaya, kin san ba na son ƙara."

Na ce, "Ai sai ki saba. Mace da 'ya budurwa tana tsoron waya!"

Kika yi dariya kika jefa ta a jaka. Tun muna yara ba kya warware abin da na ɗaura a gabana. Na zaci idan kin koma gida za ki kashe, ashe ba ki kashe ba.

Ranar Talata kin dawo daga makaranta a gajiye, kika kishingiɗa a falo, wayar a kan hannun kujera kusa da kanki, barci ya ɗauke ki. Ni kuma ina rumfa na tuna da wata kular abinci da na ara miki, na ce bari in tambaya ko kin gama da ita. Wannan shi ne dalilin kiran gaba ɗaya, kular abinci. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, na yi tsaki na ajiye. Ba a yi minti biyu ba kira ya shigo daga wayarki, muryar 'yarki ce.

"Inna, Umma ta yi nata. Waya ta yi ƙara ta zabura, sai ta koma."

Na ce, "Yayyafa mata ruwa, yanzu za ta tashi."

Na ci gaba da nuna wa wata mata tukunya. Da yarinyar ta sake kira muryarta ta canza. Ta ce ta zuba kofi uku ba ki motsa ba, leɓenki kuma ya yi duhu. Kafin in samu abin hawa, kafin maƙwabcinku ya fito da motarsa, kafin mu isa asibiti, an haura rabin awa. Sun yi iya ƙoƙarinsu a kanki, ina ganinsu ta labule. Daga baya likitan ya fito yana cire safar hannu, tun kafin ya buɗe baki na gane.

Shi wannan likita, Allah Ya saka masa, bai sallame mu da "sai haƙuri" kawai ba. Ya zaunar da ni da mijinki ya yi ta tambaya. Ta taɓa suma? Tun yaushe? Me yake jawo shi? Akwai wanda ya mutu farat ɗaya yana matashi a danginku? Da na ba shi labarin faranti da ƙararrawa da kawunmu, sai ya ajiye biro. Sannan ya yi mana bayani da sauƙi. Ya ce zuciya tana da nata lantarki wanda yake tsara bugunta, kuma akwai mutanen da ake haifa nasu yana jinkirin shiryawa tsakanin bugu da bugu. Irin waɗannan, firgita ko ƙara ta ba-zata, musamman wadda ta tashe su daga barci, tana iya hargitsa bugun. Zuciyar sai ta kama karkarwa da gudu ba ta tura jini, ƙwaƙwalwa ta rasa jini, mutum ya faɗi. Sau da yawa cikin 'yan daƙiƙu takan koma daidai da kanta. Wani lokaci kuma ba ta komawa.

Na ce masa amma ai kullum in mun zuba miki ruwa kina tashi. Ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, ba ruwan ne yake tashe ta ba. Zuciyarta ce take dawowa da kanta, ku kuma kuna tsaye da ruwa."

Ya ce ba zai iya rantsuwa ba tunda ba a taɓa auna ki da rai ba, amma labarin ya yi kama ƙwarai. Ya ce wanda ya faɗi bai farfaɗo nan take ba, kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, ba jira ake yi ba. A kwantar da shi a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a yi ta dannawa da ƙarfi da sauri, wani kuma ya nemo taimako, domin kowane minti yana rage damar dawowarsa. Sai ya tambaya ko kina da 'ya'ya. A nan na tuna bara tayar wata babbar mota ta fashe a bakin makarantarsu, 'yarki ta faɗi a ƙofa. Ranar har shewa muka yi a gida, muka ce Langaɓe ta haifi magajiya. Likitan ya ce a kawo ta da wuri, mu 'yan'uwanki ma duk mu zo.

A kwanakin zaman makoki na ga mutanen da ban san kin sani ba. Ɗalibanki sun zo a jere da malamansu, suka tsaya a tsakar gida hannuwa suna ta motsi, hawaye yana zuba, ni kuwa ko kalma ɗaya ban gane ba, don duk sanda kika ce in zo in koya cewa nake ba ni da lokaci. Kafintan nan ya ga ban fahimta ba, ya ciro fensir daga bayan kunne ya rubuta mini a bayan wata takarda: "Ba ta taɓa taɓa ni ta baya ba. Kullum sai ta zagayo inda zan gan ta." Na karanta na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Kin san zafin a firgita mutum, shi ya sa ba ki yi wa ɗan kowa ba, mu kuwa da muke jininki mun mayar da shi wasa.

Mijinki da farko ya ja baya da maganar asibiti. Ya ce yarinya tana cikin wannan hali, kada a ƙara mata da tsoro. Ban yi masa ta daɗi ba, kin san bakina. Washegari da kansa ya zo ya ce, "Yaya, duk yadda kika gani." Ashe ba shi ne matsalar ba. 'Yarki ce ta ƙi. Ta shige ɗakinki ta zauna a bakin gado, abinci sai an yi da gaske. Duk wanda ya ambaci asibiti sai ta juya masa baya. Da na matsa mata, ta ce da ni, ba tare da ta ɗaga kai ba:

"Minti goma ina tsaye a kanta da kofi a hannu, Inna. Ni na bar ta ta tafi. In ma ina da shi, a ƙyale ni."

Kwana tara ina jin wannan magana. Na ce mata ƙaddara ce, na ce mata ni na ce ta zuba ruwan, duk ba ta ji ba. Abu ɗaya na ɓoye, wanda daga ni sai ke muka sani, wato wanda ya kunna ƙarar wayar. Tsoro nake ji. Ni da ake cewa ba na shakkar kowa a kasuwa, na kasa fuskantar yarinya 'yar shekara goma sha biyar. A kwanakin nan duk ƙofar da aka bugo a gidan sai in leƙa in ga ko tana zaune. Na hana a ɗaga murya, na kwashe faranti na ƙarfe daga kicin, amma na san wannan ba magani ba ne.

Rana ta goma da hantsi na shiga na zauna a ƙasa a gabanta. Na gaya mata komai, daga kira bakwai har zuwa kular abinci. Na ce mata, uwarki shekara da shekaru tana kare kanta da hankalinta ba tare da ta san sunan ciwon ba, ni na zo na cire mata kariyar da hannuna. Na ce ke abin da muka koya miki kika yi, mu ma abin da muka tarar ke nan, amma idan lallai sai an nemi mai laifi, ga ni, ba ke ba ce.

Ta ɗago kai ta dube ni. Sannan ta ce, "Me ya sa kika kunna?"

Na ce, "Don in na kira ta ɗauka."

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta nemi takalminta ta ce a kira Abbanta. A mota ba ta zauna kusa da ni ba. A asibiti ma hannun ubanta ta riƙe lokacin da aka manna mata wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, na'ura tana zana layi a doguwar takarda. Likitan ya sa ma'auni a kan layin ya auna, ya sake aunawa, ya kira wani abokin aikinsa ya duba. Tana da shi, ƙanwata. Ni kuwa da na fi kowa dariya ba a ga komai a tawa takardar ba, ko da yake ya ce in dawo a sake.

An ɗora ta a kan ƙwaya da za ta riƙa sha kullum ba fashi. An ba mu jerin magungunan da ba za ta taɓa sha ba sai an tambayi likita, har da wasu da ake saya a kanti ba tare da tunani ba. An ce idan ta sake suma duk da maganin, akwai 'yar na'ura da ake dasawa a ƙirji. Likitan ya ce masu wannan ciwo da yawa suna tsufa su ga jikoki idan an gano shi. Na yi murna da jin haka, na kuma fita waje na yi kuka, don gwajin bai kai minti goma ba, ke kuma shekara talatin da huɗu kina faɗuwa a gabanmu.

Ina kira ga sauran danginmu da ba su je ba tukuna, musamman yayanmu da yake bugun ƙirji wai shi ƙarfe ne: ka je, ka kai 'ya'yanka, kada ka sa in zo in ɗauke ka a gaban iyalinka. Wanda kuma ya karanta wannan, yana da mai yawan suma a gida, ya daina cewa tsoro ne ko raki, ya kai shi a auna zuciyarsa.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo maKa. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi, Ka amintar da ita daga firgicin ranar tsayuwa. Ka sa kowace kalma da ta sanya a hannun yaron da ba ya ji ta zama nauyi a mizaninta. Ka haɗa ta da iyayenmu da kawunmu a gidan Aljanna. Ni kuma Ka yafe mini abin da na yi cikin rashin sani da wanda na yi cikin son kai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta, wanda bai taɓa bugo ƙofa a gidansa ba tun da ya aure ta, kuma da ya ji abin da na yi bai canza mini fuska ba. Allah Ya ba ka haƙuri da lada. Ina kuma miƙa ta ga 'yan'uwanmu, da malaman makarantarta, da ɗalibanta na da da na yanzu, da iyayen da suke zuwa baranda ranar Asabar. Allah Ya ba ku wadda za ta riƙe ku kamar yadda ta riƙe ku.

Saura 'yarki. Har yau ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban tambaya ba. Likita ya hana a tashe ta da agogo mai ƙara, ubanta kuma tun asuba yake fita aiki. Ana gobe za ta koma makaranta ta zo rumfata da kanta, ta ajiye makullin gidanku a kan tebur ta ce, "Ƙarfe shida, Inna." Tun daga ranar kowace safiya nake takowa kafin in buɗe rumfa. In cire takalmi tun daga waje, in shiga in ja labule a hankali, in zauna a bakin gadonta in jira haske ya kai fuskarta. Kafin ta motsa ido nakan zuba wa bargon ido ina kallon yana ɗagawa yana sauka, ina addu'ar da ban taɓa yi miki ba.

Ki huta, ƙanwata. Yau ma na je, kuma ta tashi.